Tsoffin Akwatunan Ƙasar Sin: Tarihinsu da Abin da Mai Saye Yake Biya

A shagunan kayan tarihi na London da New York da Hong Kong akwai wani kaya da ba a rasa shi, wato tsohon akwatin katako na ƙasar Sin. Sunan ɗaya ne, amma abubuwan da ake kira da shi ba ɗaya ba ne. Akwai ƙaramin akwatin da wani malamin fada ya ajiye takardunsa a ciki shekara ɗari huɗu da suka wuce, akwai jan akwatin da aka kai wata amaryar ƙauye da shi ɗakin miji, akwai wanda aka yi wa matuƙan jiragen ruwan Amurka a birnin Kanton, akwai kuma wanda aka harhaɗa bara aka shafa masa ƙura da toka. Kowanne da tarihinsa, kuma tazarar da ke tsakanin farashinsu ta kai tazarar da ke tsakanin kuɗin keke da kuɗin gida. Saboda haka zaɓen irin wannan akwati aiki ne na masanin tarihi tun kafin ya zama aikin ɗan kasuwa. Wanda bai san daga wane zamani da wane irin gida akwati ya fito ba, labarin dillali ya saya, katakon gyara ne kawai aka ba shi.

Asalin abin

Sinawa ba su saba rataye tufafi a cikin ma'ajiya ba. Ninke su suke yi, su shimfiɗa wani a kan wani, kuma wannan ɗabi'a ce ta sa akwati ya zama jigon kayan ɗaki tun kafin kujera ta samu gindin zama a gidajensu, abin da bai tabbata ba sai tsakanin daular Tang (618 zuwa 907) da daular Song (960 zuwa 1279). A shekarar 1978 aka tono kabarin wani basarake mai suna Yi na ƙasar Zeng a lardin Hubei, wanda aka binne wajen shekara ta 433 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A ciki an sami akwatunan tufafi guda biyar. A kan murfin ɗaya daga cikinsu an rubuta sunayen masaukan wata guda 28, ga hoton damisa a gefe ɗaya, ga dodon nan na almararsu a ɗaya gefen. Ɗalibin da ya taɓa zama gaban malamin hisabi zai tuna cewa taurarin da ake lissafin damina da su a wurinmu su ma 28 ne, ko da yake kowane tsari da sunayensa. A kabarin Mawangdui kuwa, kusa da birnin Changsha, wanda aka tono a 1972, an sami akwatunan saƙar gora guda 48 ɗauke da tufafi da abinci da magunguna, an ɗaura musu 'yan alluna masu bayyana abin da ke ciki.

Waɗannan suna gidajen tarihi, ba mai sayen su. Abin da ke yawo a kasuwa ya fito ne daga dauloli biyu na ƙarshe, Ming (1368 zuwa 1644) da Qing (1644 zuwa 1912), kuma mafi yawansa daga ƙarni na 19 ne zuwa farkon na 20.

Katakon sarauta da katakon talaka

A shekarar 1567 fadar Ming ta sassauta dokar da ta hana 'yan ƙasa fataucin teku. Daga nan katako mai tauri ya riƙa shigowa da yawa daga ƙasashen kudu, kafintocin yankin Suzhou suka sami abin nuna gwaninta. Iri biyu ne suka yi fice. Na farko huanghuali, wanda mafi kyawunsa daga tsibirin Hainan yake fitowa, launinsa kamar zuma, yana da jijiyoyi masu murɗewa da ɗan ƙamshi. Na biyu zitan, daga kudancin Indiya, ja ne mai duhu har ya kusa baƙi, nauyinsa ya kai ya nutse a ruwa. Irin wannan katako ba ya bukatar fenti, gogewa kawai ake yi a shafa masa kaki. Da shi aka yi ƙananan akwatuna na manya: na takardu, na magani mai aljihuna barkatai, na ajiyewa a cikin karagar da ake ɗaukar hakimai, da wanda ake kira guanpixiang, mai murfi da ƙofofi biyu da aljihuna a ciki. 'Yan kasuwa sun fi son su ce akwatin hatimin hakimi ne, don sunan ya fi jawo kuɗi, amma masana da dama suna ganin galibinsu akwatunan kwalliya ne da ake jingina madubi a kai.

Sai dai wannan ɗan tsiraru ne. Akwatin da jama'a suka rayu da shi an yi shi ne da katakon gida: yumu a arewa, jumu a kudu, da fir, da uwa-uba zhangmu, wato itacen kafur. Kalmar kafur ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe, daga Larabci muka aro ta, kuma amfanin da muka san shi da shi, wato korar asu daga tufafi, shi ne dalilin da ya sa Sinawa suka zaɓi itacen. Man da ke cikin katakon yana hana ƙwari kusantar siliki da ulu da takarda, kuma ƙamshin yakan daɗe shekaru masu yawa. Bishiyar tana girma ƙwarai a kudancin ƙasar, musamman lardunan Jiangxi da Fujian, har akan sami allo ɗaya mai faɗin da zai rufe gefen akwati ba tare da haɗi ba.

A nan ne tarihin akwati ya haɗu da tarihin mata, kuma a ganina wannan ne ɓangaren da kasuwa ta fi zalunta. Yawancin manyan akwatunan da ake gani a yau kayan aure ne. A yankin kudancin kogin Yangtze ana ba da labarin cewa idan aka haifi 'ya mace sai a dasa bishiyar kafur a tsakar gida, ranar da aure ya zo a sare ta a yi mata akwatuna biyu. Labari ne na baka, kuma masu sayarwa sun ƙara masa gishiri, amma abin da yake nunawa gaskiya ne. A gabashin lardin Zhejiang, wajen Ningbo da Ninghai, attajirai sukan jera kayan ɗakin 'yarsu a kan kafaɗun 'yan dako, gado da kabad da akwatuna da bokitai, duka jajaye, a ratsa gari da su. Sun kira wannan al'ada da sunan da ke nufin jan kayan aure mai tsawon li goma, li kuwa ya kai kusan rabin kilomita. A Ninghai akwai gidan tarihi da aka keɓe wa wannan al'ada kaɗai. Wanda ya ga yadda ake kai kayan jere a ƙasar Hausa, da yadda dangin miji ke ƙirga su da ido, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Abin lura shi ne matsayin kayan a shari'a da al'ada. A gidan da 'yan'uwa maza ke cin gandu ɗaya, idan aka zo rabon dukiya ba a sa kayan da mace ta zo da su a cikin rabo. Akwatin nata ne, maƙullin ƙwadon yana hannunta, abin da ke ƙasansa na siliki ko azurfa shi ne madogararta ranar da miji ya mutu ko fatara ta shigo. To amma da yake ma'aunin kasuwar yau nau'in katako ne, akwatin amarya na kafur ko na fir, komai kyawunsa, ba ya kama ƙafar ƙaramin akwatin huanghuali a farashi.

Jan launin nan ba fenti ba ne irin na gwangwani. Ƙaro ne da ake tatsa daga wata bishiya, a tace, a gauraya da jan ma'adini ko a baƙanta shi, a shafa shi siriri, a bar shi ya ƙafe a wuri mai laima, a goge, a sake shafawa, sau da yawa. Idan ya tsufa yakan yi tsaga ƙanana kamar ƙasar fadama da rani. Lardin Shanxi a arewa ya shahara da irin wannan aiki, baƙi ko ja mai zanen ruwan zinariya. Dalilai biyu suka sa kayan Shanxi suka tsira da yawa: busasshiyar iska da nisan lardin daga gaɓar teku, sannan dukiyar fataken garuruwa irin su Pingyao, inda aka kafa gidan musayar kuɗi na Rishengchang wajen 1823.

Akwatunan Kanton

Daga 1757 zuwa 1842 birnin Kanton, wato Guangzhou, shi kaɗai aka yarda Turawa su yi ciniki a cikinsa ta teku. Jirgin Amurka na farko, Empress of China, ya iso a 1784. Kafintocin birnin suka gano abin da baƙi ke so: akwatin kafur da aka lulluɓe da fata, aka yi masa fenti ja ko kore ko baƙi da zanen furanni, aka jera masa ƙusoshin tagulla a gefuna. Sukan yi su jeri, ƙarami a cikin babba, don rage cin wuri a jirgi. Waɗannan tsofaffi ne na gaske, kuma da yake sun bar ƙasar tun lokacin da aka yi su, tarihin mallakarsu ya fi sauƙin bibiya. Daban suke da akwatunan kafur masu zurfin sassaƙa, masu hoton jiragen ruwa da gidajen ibada da dodanni, waɗanda sojoji da ma'aikata da 'yan yawon buɗe ido suka riƙa kwasowa daga Hong Kong da Shanghai a ƙarni na 20. Su ne suka fi yawa a gidajen Ingila da Ostareliya, kuma su ne aka fi yi wa ƙaryar shekaru. Kaya ne masu amfani, amma tsarabar matafiya ce.

Yadda kayan suka bar gidajensu

Har zuwa farkon ƙarni na 20 ba a ɗauki kayan katako a matsayin fasaha ta ƙoli ba, zane da rubutun hannu da tangaran su ne abin alfahari. Wani Bajamushe mazaunin Beijing, Gustav Ecke, ya wallafa littafi a kan kayan ɗakin Sinawa a 1944, ya auna su ya nuna yadda aka haɗa su. Bayansa sai Wang Shixiang (1914 zuwa 2009), wanda ya shafe shekaru yana yawo a kan keke yana sayen tsoffin kaya yana tambayar tsofaffin kafintoci sunan kowane haɗi. A lokacin Juyin Al'adu (1966 zuwa 1976), da aka ɗaura yaƙi da tsoffin ɗabi'u da tsoffin kaya, an ƙwace abin da ya tara, kamar yadda aka yi wa dubban gidaje. An ƙona wasu kayan, an jibge wasu a rumbunan gwamnati. Daga baya aka mayar masa da nasa, kuma yau suna gidan tarihi na Shanghai.

Littafinsa kan kayan zamanin Ming ya fito a Hong Kong a 1985, ya kuma haifar da abin da bai nufa ba. Dillalai suka mayar da hotunan littafin jagora, suka bazama ƙauyuka. Manomin da ke ɗokin sabon kabad mai madubi ya rabu da akwatin kakarsa a kan kuɗi kaɗan yana murna. Kaya suka riƙa gangarowa zuwa Macau da titin Hollywood na Hong Kong, daga nan zuwa Turai da Amurka. A 1996 gidan gwanjon Christie's a New York ya sayar da kayan wani gidan tarihi na Kaliforniya a kan sama da dala miliyan 11, abin da ya girgiza kasuwar a lokacin. A 2015, a gwanjon kayan Robert Ellsworth, kujeru huɗu kacal na huanghuali sun haura dala miliyan 9. Kafin nan kuwa iska ta juya: attajiran Sin ne ke sayen kayan suna mayar da su gida.

Da na ƙwarai suka yi ƙaranci, sai masana'antar gyara ta rikiɗe ta zama masana'antar jabu. A wurare irin su Zhongshan da Zhuhai a kudu, da Gaobeidian a gefen Beijing, akwai ɗakunan aiki da ke yin komai, daga gyara na amana har zuwa ƙirƙira. Jabun da ya fi wuyar ganewa ba sabon akwati ba ne. Shi ne wanda aka haɗa da tsohon katako da aka ciro daga ƙofofi da ginshiƙan rusassun gidaje, ko tsohon akwati guda da aka raba biyu aka cike kowane rabi da sabon aiki, ko tsohon akwati marar ado da aka yi wa sabon zanen zinariya don ya yi tsada. A duk waɗannan, mai sayarwa zai iya rantsewa cewa katakon tsoho ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Duba akwati

Gogaggun masu saye ba sa farawa da fuskar akwati, don nan ne mai jabu ya fi ɓata lokacinsa. Juya shi suke yi su dubi gindi da baya da ciki. Allon da aka tsaga da zarton hannu yana da sawu miƙaƙƙe marar daidaito, na injin mai kewayawa kuwa yana barin sawu mai lanƙwasa kamar baka. Gindin akwatin da ya shekara ɗari a kan daɓen ƙasa ko a kan wani akwatin dole ya nuna haka: gogewa a inda nauyi ke sauka, duhun laima, ƙurar da ta zama jiki. Tsufan gaske ba ya bin tsari. Yana taruwa inda hannu ke taɓawa, bakin murfi, kewayen ƙwado, ƙarƙashin mariƙi inda ƙarfe ya daɗe yana bugun katako. Idan lalacewar ta bazu daidai wa daida har a lungunan da hannu ba ya kaiwa, to da gangan aka yi ta.

Katako yana tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba. Kafintan Sin ya san haka, shi ya sa a kayan ƙwarai yake saka allo a cikin firam ya bar shi yana motsi, ya kuma haɗa kusurwoyi da haƙora masu shiga juna maimakon ƙusa. Bayan shekaru allon yakan ja da baya kaɗan, ya bar siririn layi mai haske a gefensa. Rashin wannan alama a akwatin da aka ce na zamanin Qing ne abin tambaya ne. Haka ma sukuru irin na kanti da gam na zamani.

Sai ƙarafuna. Faifan da ke gaba inda ake sa ƙwado, da mariƙai, da abin da ke riƙe murfi, ana yin su da tagulla ko da baitong, wani gami na jan ƙarfe da nikel mai hasken azurfa. Akan kafe su da ƙusa mai ƙafa biyu da ke ratsa katako a buɗe ta daga ciki. Sauya ƙarfe ba laifi ba ne, yawancin tsoffin akwatuna an taɓa sauya musu. Abin da ake nema shi ne shaida: tsoffin ramuka da aka toshe, ko inuwar tsohon faifai da ba ta dace da sabon ba. Akwatin da ƙarfensa ya yi tsatsa amma katakon da ke ƙarƙashinsa launinsa ɗaya da na kewaye, bai daɗe da sanin wannan ƙarfen ba.

Hanci ma yana da aiki. Tsohon kafur ƙamshinsa a kwance yake, sai an buɗe murfi an sunkuya. Ƙamshi mai hawa kai alama ce ta sabon katako ko man da aka zuba. Warin fenti ko na fetur kuwa ya gama magana.

Duk da haka ban ga dalilin ƙin akwatin da aka gyara ba, muddin an faɗa kuma farashin ya nuna. Abin da ya kamata mai saye ya nace a kai shi ne rasit da ke ɗauke da nau'in katako, da lardin da aka yi shi, da kimanin shekarunsa, da abin da aka sauya. Dillalin da ya yarda ya faɗa da baki amma ya ƙi rubutawa ya riga ya ba da amsa. Kuma wanda zai kai irin wannan kaya ƙasa mai hunturu irin tamu ya sani cewa allon da ya saba da laimar kudancin Sin yana iya tsagewa a shekararsa ta farko.

Doka da daji

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan sauƙi, wato yaushe akwatin ya bar ƙasar Sin. A da, haramcin fitarwa ya fi tsananta ne a kan abin da ya girmi shekarar 1795. Daga 2007 hukumar kula da kayan tarihi ta matso da iyakar zuwa 1911: abin da aka yi kafin wannan shekara ba a fitar da shi. Ma'anar wannan a fili take. Shagon da ke cikin ƙasar Sin a yau, wanda ya yi alkawarin aiko wa mutum akwati mai shekara ɗari biyu har ƙofar gida, ɗayan biyu ne, ko shekarun ƙarya ne ko fitarwar ta saɓa doka. Jan hatimin kakin da akan gani manne a wasu kaya izinin fita ne, ba shaidar tsufa ba ce, an kuma sha yin jabunsa. Tsohon akwati na halal galibi a wajen ƙasar yake tuntuni, tare da tsohon rasit ko takardar gado ko kundin gwanjo da ya ambace shi.

Ga kuma yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A taronta na Johannesburg a 2016 an sa dukan dangin itacen da huanghuali ya fito daga cikinsu a jerin waɗanda ba a ƙetare iyaka da su sai da takarda, ko da kayan sun girmi dokar. Idan akwai adon hauren giwa a jiki, lamarin ya fi haka tsanani.

A wannan taron ne aka sa wata bishiya da makiyayan ƙasar Hausa suka sani sarai, wato madobiya, wadda ake sassabe wa shanu ganyenta da rani. Sabbin masu kuɗi a Sin da ba su sami tsoffin kaya ba sun koma sayen sababbi a kan fasalin Ming da Qing, kuma ma'aunin da gwamnatin ƙasar ta fitar a shekarar 2000 ya lissafa nau'in itace 33 da suka cancanci sunan hongmu, wato jan katako mai daraja. Madobiya tana ciki. Da dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya suka ƙare, masu saye suka juyo Afirka ta Yamma, daga Gambiya da Senegal zuwa Ghana da Najeriya. A Taraba, inda 'yan katako ke kiran itacen Madrid, an yi shekaru tireloli na fita da gungume zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, har sai da CITES ta dakatar da cinikinsa daga Najeriya a 2018. A kasuwannin katako na Sin ana tallan madobiya da sunan huanghuali na Afirka. Launinta da jijiyoyinta sun yi kusa da na asalin, kusancin da ya isa ya ruɗi baƙo idan an goge an shafa kaki, ko da yake ɗanyenta yana da wari mai tsami da na Hainan ba shi da shi. Saboda haka idan dillali ya ce akwati na huanghuali ne, sai a tambaye shi na ina, domin ƙaramin akwatin hakimin da aka ce ya ga zamanin Ming yana iya kasancewa bishiya ce da ke tsaye a dajin Taraba shekara goma sha biyar da suka wuce.